Kuyangin Gileyad: na gama kallon The Handmaid's Tale, ni da Yayata mun raba gari

Bayan babbar sallah na fara, ban kai ƙarshe ba sai da watan Maulidi ya kama. Zango shida ne, kashi 66, kowanne ya kusa awa guda. Manhajar Hulu da ta shirya shi ba ta aiki a ƙasar nan, don haka wajen yaron da ke tura fina-finai a bakin layinmu na riƙa kai filashi. A zuwa na biyu ya ɗago kai ya ce, "Anti, masu jajayen kayan nan har yanzu ba su gudu ba?" Na ce ba su gudu ba. Ya ce shi tun a kashi na huɗu ya ajiye, fim ba faɗa, ba dariya, sai mata suna ta zare ido.

Wanda bai kalla ba kuma yana da niyya, ya sani zan fasa ƙwai, har ƙarshen labarin sai na faɗa.

Ni da littafin na fara. Muna aji uku a jami'a aka sa mu karanta shi, kwafin da ya zo hannuna kuwa na fotokwafi ne, injin ya cinye layin ƙarshe na wasu shafukan, sai dai mutum ya cike da ka. Margaret Atwood ce ta rubuta, 'yar Kanada, ya fito a 1985, amma a Berlin ta Yamma ta soma shi a 1984, lokacin katangar da ta raba birnin tana nan tsaye. Labarin Amurka ne bayan haihuwa ta yi wuya saboda gurɓatar ƙasa da cututtuka. Wasu masu tsattsauran ra'ayi suka kashe shugaban ƙasa da 'yan majalisa, suka jingine tsarin mulki, suka kafa daula mai suna Gileyad. Macen da aka san mahaifarta na da kyau, aka kuma samu laifin da za a liƙa mata, ko da auren bazawari ne, sai a kama ta, a horar da ita, a sa mata jan kaya da farar hula mai kare gefen ido, a kai ta gidan wani Kwamanda da matarsa ba ta haihu ba. Sau ɗaya a wata Kwamandan zai kusance ta a kan gadon uwargida, kanta a cinyar uwargidan, bayan an tara mutanen gida an karanta musu Littafin Farawa na Baibul, sura ta 30, inda Rahila ta miƙa wa mijinta kuyangarta Bilha. In ta haihu, ɗa na uwargida ne.

Sunanta ma karɓewa ake yi. Wadda ke ba da labarin ana ce mata Offred, wato "ta Fred", don Fred ne sunan Kwamandan. Wannan ya daɗe yana yi mini yawo a ka, saboda mu ma muna da irin ginin sunan, Ta-Sallah, Ta-Annabi, Na-Allah, amma namu na so ne da fatan alheri. Nasu kuwa shaida ce irin wadda ake yi wa tunkiya a kunne. A canza mata gida, suna ya canza, wata ta zo ta gaji nata.

Zango na farko, wanda ya fito a watan Afrilun 2017, ban da abin da zan ce da shi sai sam barka. Mu uku muka fara kallo a falo: ni, da maigida, da Yayata da take zuwa mana duk Asabar in ba ta da aikin dare. Ungozoma ce a asibiti. Kashi na uku ne ya fara haɗa mu gardama. An koma baya ana nuna yadda abin ya soma. June, haka shirin ya raɗa wa Offred, ta fita gudun motsa jiki da ƙawarta Moira, suka tsaya sayen kofi, ta miƙa katin banki ya ƙi biya. Ta ce a sake gwadawa, akwai kuɗi a ciki. Saurayin da ke kantin ya zage su tas ya kore su. Ta je ofis, shugabanta ya tara ma'aikata jiki na rawa ya ce duk mata su tattara kayansu, doka ce, ga wasu masu baƙaƙen kaya da bindigogi sun yi layi a bakin ƙofa. An rufe asusun kowace mace, an mayar da kuɗin hannun mijinta ko wani namiji nata. Da dare mijinta Luke yana lallashinta, ya ce kar ta damu, zai kula da ita. Moira ta yi masa ca.

Maigida ya danna tsayawa ya ce, "To Malama, me ya faɗa na laifi? In ba haka ba me zai ce?"

Yaya ta ce, "Ba laifi ya faɗa ba. Amma ka dubi fuskarsa, hankalinsa bai tashi ba. Albashinta aka kwashe aka zuba a aljihunsa."

Ya ce ai ba shi ya roƙa ba. Ta ce ta sani, shi ne ma abin tsoron. Muka fi minti ashirin a kan haka, shayi ya huce. Daga baya ya bar kallon a tsakiyar zango na biyu, ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, ban kuma ga laifinsa ba. Amma wannan fitowar ita ce mafi ƙarfi a wurina a duk kashi 66 ɗin, ba jini, ba duka, kati ne kawai ya ƙi biya. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS ana ce masa "bai yi ba" ya san yadda cikin mutum ke ɗurar ruwa, balle a ce daga yau ba zai sake yi ba har abada.

Yaya kuwa fitowar haihuwar wata kuyanga mai suna Janine ce ta kama ta. Kuyanga na naƙuda a sama, uwargida na ƙasa ta kwanta tana nishin ƙarya, ƙawayenta na shafa mata ciki suna cewa sannu. Da kai ya kusa fitowa aka hau da ita, ta zauna a bayan Janine a kan kujerar haihuwa mai hawa biyu. Jaririya na faɗowa aka goge ta aka miƙa wa uwargida a gado, matan manya suka zagaye ta da murna, ita kuwa mai jegon ko kallonta ba su yi ba. Yaya ta yi tsaki ta ce, "Ko mabiyiya ba su jira ta fita ba." Can kuma ta ce, "Wai ke, wannan ba ƙwarƙwara ba ce kawai?" Na ce da bambanci, Yaya. Ba wanke tsarin sa-ɗaka nake ba, bauta bauta ce, amma ɗan da ƙwarƙwara ta haifa nata ne, kowa ya san uwarsa, sarakuna nawa ne suka fito daga irin ɗakunan nan. A Gileyad da an yaye yaro ake sa uwar a mota a kai ta gidan gaba. Janine ta shiga gidan farko tana Ofwarren, ta koma na biyu tana Ofdaniel, nono na zuba a rigarta.

Akwai wata abokiyar aikina a makaranta da ta ga hoton shirin a wayata ta ce Allah ya kiyaye ta kalla, Turawa ne suka sake shirya zagin hijabi. Na fahimci daga ina ta taso, ba kuma zan ce babu ƙanshin gaskiya ko kaɗan ba, don a ƙarshen littafin an ambaci Iran a kusa da Gileyad. Amma tushen abin a gidansu yake. Atwood ta sha faɗin cewa ta sa wa kanta doka, ba za ta rubuta wani zalunci ba sai wanda ɗan Adam ya taɓa aikatawa a wani wuri. Daular ta gina ta ne a kan Kiristocin Furitan da suka mulki yankin Boston a ƙarni na 17, har ta sadaukar da littafin ga Mary Webster, matar da aka rataye a can bisa zargin maita ta kuma rayu. Tilasta haihuwa ya faru a Romaniya, inda Ceaușescu ya kafa doka a 1966. Ƙwace jarirai a ba na kusa da gwamnati ya faru a Ajantina, zamanin sojoji daga 1976 zuwa 1983. A cikin shirin ma limaman coci ake ratayewa a bango, ana rushe majami'u. A littafin Atwood, Baibul ɗin kansa a kulle yake cikin akwati, Kwamanda kaɗai ke da makulli, mace ba ta karatu, ko allon kanti hoto ake zanawa maimakon rubutu. A ƙarshen zango na biyu Serena, uwargidan Fred, ta tsaya gaban majalisar Kwamandoji ta karanta aya guda don roƙon a bar yara mata su yi karatu, aka datse mata ɗan yatsa, da sanin mijinta. Na gaya wa abokiyar tawa haka, ta ce za ta duba. Ba ta duba ba.

Inda zango na farko ya tsaya, nan littafin ya tsaya: an sa Offred a baƙar mota, ba ta san ko ceto ne ko halaka ba. Da nan suka bari da ban rubuta wannan dogon sharhin ba, da layi biyu zan yi in ce kowa ya nema. Sai dai shirin ya karɓu fiye da zato. A 2017 ya kwashe kambun Emmy takwas, ciki har da na gwarzon wasan kwaikwayo, karo na farko da shirin wata manhajar intanet ya ci wannan. Mata suka riƙa saka jan kayan da farar hular suna zanga-zanga a Texas, da Ajantina, da Ayalan. Kasuwa ta buɗe, baƙi sun ƙaru, sai aka shiga ƙara wa miya ruwa.

Matsalata da sauran zango biyar ɗin guda ɗaya ce, kuma ita ce muka raba gari da Yaya a kai. Matar da ke littafin ba jaruma ba ce. Matsoraciya ce kamar ni. Babban tawayenta shi ne ta ɓoye ɗan man shanu a cikin takalmi, da dare ta shafa a fuska don ba a ba su man shafawa. Ko sunanta na gaskiya ba a faɗa ba, masu karatu ne suka yi hasashen June. Ana neman ta taimaka wa 'yan ƙarƙashin ƙasa ta noƙe, don ta samu ɗan daɗi wajen direban gidan, Nick, ba ta son rasa shi, ta kuma faɗa da bakinta cewa tana jin kunyar hakan. Shi ya sa littafin ke da ban tsoro, kana karantawa kana ganin kanka, ka san kai ma da shiru za ka yi.

June ta shirin kuwa, daga zango na uku ta zama irin bos ɗin fim ɗin Indiya da harsashi ba ya kamawa. A ƙasar da aka ƙwaƙule wa Janine ido don ta mayar da magana, aka yanke wa wata harshe, aka ɗaura wa Eden 'yar shekara 15 ƙarfe aka jefa ta a tafkin wanka, ita June ta gudu an kamo ta, ta sake gudu, ta kai wa Serena yanka da wuƙar tiyata, ta kashe babban Kwamanda Winslow, ta fitar da yara 86 a jirgi zuwa Kanada, kuma ko yatsa ba ta rasa ba. Waɗanda suka taimake ta ne ke mutuwa, ɗaya bayan ɗaya. Da na gane ba za ta mutu ba, sai tsoron ya fita daga raina, shirin tsoro kuwa in tsoron ya tafi saura azaba kawai ake nuna maka. Azabar ma suka yi ta ƙara mata gishiri: ratayar wasa da aka yi wa kuyangi a filin ƙwallon Fenway, kuyangin Washington da aka ɗinke wa baki da zobba. Ba na cewa ba su girgiza ni ba. Amma wani lokacin sai in ji kamar masu shirin suna leƙo fuskata su ga ko na isa kuka.

Na faɗa wa Yaya haka daren da muka gama zango na biyu, inda June ta samu hanyar fita, mota na jira, ta miƙa jaririyarta ga Emily, wata kuyanga ƙawarta, ta juya ta koma. Na ce wannan ba June ce ta yanke shawara ba, masu kuɗin shirin ne, don in ta fita zango na uku ya mutu. Yaya ta ce, "Babbar 'yarta fa? Hannah tana can a gidan wasu. Ke za ki hau mota ki bar Ummi?" Ummi ita ce babbar tawa. Na buɗe baki na rufe. Har yau ina ganin hujjata daidai ce, amma amsar tambayarta ban same ta ba.

Ita Yaya ramuwa take so, kuma ta samu. Daren da tsofaffin kuyangi suka rutsa Fred a daji a ƙarshen zango na huɗu, suka bi shi da gudu suka kashe shi da hannu, guɗa ta yi a falona har yaran suka farka. Ni ma na ji sanyi, ba zan yi ƙarya ba, sannan na ji kunyar sanyin. Ta ce shekara nawa tana karɓar haihuwar yara mata da aka zalunta, ba ta taɓa ganin wanda ya yi musu ya biya ba, to a bar ta ta gani ko a talabijin ne. Wannan ma ban da amsarsa.

Ƙananan ƙorafe-ƙorafe kuwa suna da yawa. Elisabeth Moss, wadda ta fito a matsayin June, gwana ce, amma an mayar da fuskarta abin rufe kashi: kyamara ta matso har ka ga jijiyar idonta, ta sunkuyar da kai ta harare ka, kiɗa ya tashi. Sau ɗaya abin burgewa ne, sau talatin kuwa Yaya har ƙirgawa take tana cewa "ga ta nan, za ta yi." Hoton ma duhu ya yi masa yawa, in a waya kake kallo da rana sai dai ka ga fuskarka a gilashi. Sai batun launin fata. A littafin Gileyad ta kwashe baƙaƙen fata ta kai su wani yanki, wanda ya yi daidai da tarihin Amurka. Shirin ya ce a'a, Gileyad ba ta ganin launi. Na ji daɗin ganin Samira Wiley a matsayin Moira, da O-T Fagbenle, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, a matsayin Luke. Amma a ce masu tsattsauran ra'ayin Amurka sun kafa daula sun manta da wariya, wannan ko yaro ba zai yarda ba. Kuma kusan duk baƙar macen da ta fito, hidimar labarin June ta zo yi. Natalie ta zango na uku ita ta fi ci mini rai, an harbe ta, aka jona ta a inji kamar tukunya har ɗan cikinta ya isa fitowa, amma kashin gaba ɗaya a kan halin da June ke ciki aka yi shi.

To me ya zaunar da ni har ƙarshe? Mata biyu, kuma duk miyagu. Serena ta littafin tsohuwa ce mai dogara sanda, wadda ta taɓa waƙar coci a talabijin. Shirin ya mayar da ita sa'ar June, mai ilimi, marubuciya, wadda da hannunta aka tsara daular da ta zo ta hana ta riƙe alƙalami. Wannan canjin ya yi kyau ƙwarai. Yvonne Strahovski, wadda ta fito a matsayinta, ta iya nuna macen da za ta riƙe hannunka da safe ta shaƙe ka da yamma, kuma duk biyun har zuciyarta. Zaman da suke yi da June ya yi kama da na kishiyoyi, sai dai ba mijin suke kishi a kai ba, don dukansu sun raina shi. Ciki ɗaya ne a tsakaninsu, ɗaya na ɗauke da shi, ɗaya na jiran sa.

Sai Anti Lydia, mai horar da kuyangi, wadda Ann Dowd ta fito a matsayinta. Duk wadda ta yi makarantar kwana ta san irinta. Muna da wata mai kula da ɗakin kwananmu da za ta zane ki har ki kasa zama, da dare kuma ta zo da man zafi tana shafa miki tana cewa don tana son ki ne. Haka Lydia take. "'Yan matana" take ce musu, tana hawaye tana ba da umarnin a jefe Janine, kuma hawayen ba na munafunci ba ne. Fitowar da kuyangin suka ƙi jifan, kowacce ta saki dutsenta ƙasa tana ba ta haƙuri, fuskar Lydia na kalla, ba ta June ba.

Ƙarshen, wanda aka saki ranar 27 ga Mayun 2025, shi ya haɗa ni da Yaya a layi ɗaya, ko da yake kowa da dalilinta. An 'yantar da Boston, Nick da Kwamanda Lawrence sun mutu a jirgin da aka sa wa bam, amma Gileyad na nan, Hannah kuma ba a same ta ba. Yaya ta ce an ci amanarta, zango shida ana ja mata rai da yarinyar nan. Ni na san hakan za ta faru, don a 2019 Atwood ta fitar da ci gaban labarin, The Testaments, wanda ya raba kyautar Booker da littafin Bernardine Evaristo, kuma a cikinsa yarinyar a Gileyad ta girma. Hulu ta riga ta ɗauki wannan littafin don sabon shiri, ka ga kuwa ba za su saki Hannah ba. Bashi suka ci tun kashi na farko wanda suka san ba za su biya ba.

Abin da ni na yi kewa daban ne. Littafin yana da wasu shafuka a ƙarshe da suka fi komai sanyaya mini jiki. An tsallaka zuwa shekarar 2195, Gileyad ta daɗe da rushewa, malaman jami'a sun taru a wani taro. Ashe duk abin da muka karanta daga wasu kaset-kaset wajen talatin aka kwafo shi, waɗanda aka tsinta a cikin akwati. Wani farfesa yana jawabi a kansu, yana 'yan barkwancinsa a kan mata, ana dariya, yana jan hankalin jama'a kada su yi saurin hukunta mutanen Gileyad, yana kuma takaicin matar ba ta kawo bayanan da suka fi amfani ba game da Kwamandan. Shirin ya jefar da wannan. A madadinsa June ta koma ƙonannen gidan Fred da Serena ta zauna a bakin taga ta kunna rikoda, ta kalle mu, ta yi murmushi.

Mai son kallo, zango na farko ya wadatar, kashi goma ne. In Serena da Lydia sun kama ka kamar yadda suka kama ni, ka ci gaba, amma ka san me ka saya. Ba na kallo da yara ba ne, ba kuma na kunnawa a gaban surukai ba: akwai fyaɗe a fili, akwai tsiraici musamman a fitowar gidan karuwan manya, kuma Moira da Emily 'yan maɗigo ne a labarin. Gara ka ji daga bakina da ka ci karo da shi falo cike da mutane.

Da muka gama na ba Yaya aron littafin, na ainihi da na saya daga baya, ba mai cinyayyun layuka ba. Sati biyu ta dawo da shi, ta ajiye a kan tebur ta ce, "Wannan matar ai ba ta yi komai ba." Na ce haka ne. Ta ce, "Kuma ba a faɗi ko ta tsira ba." Na ce ba a faɗa ba. Ta ɗan yi shiru tana juya shi, sai ta mayar da shi cikin jakarta ta ce akwai wani wuri da take son sake dubawa. Filashin ma yana wurinta, wai abokan aikinta na dare ne ke kallo, sun kai inda Janine ta hau kan gada da jaririyar.